Ƙarin Catan na Mutum Shida: Ya Cancanci Kuɗinsa?

Mai dara ba ya sayen komai, ramuka ne a ƙasa da 'yan tsakuwoyi. Mai lido kuwa sau ɗaya yake saye, shi ke nan. Wasannin allo na Turai ba haka suke ba. Kamfani zai sayar maka da uwar wasa, daga baya ya riƙa fito da ƙananan kwalaye na ƙari, waɗanda ba sa buguwa su kaɗai sai an haɗa su da uwar. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Catan, wasan da Bajamushe Klaus Teuber ya ƙirƙiro, kamfanin Kosmos ya fitar a 1995, ya kuma lashe kyautar gwarzon wasan shekara ta Jamus a shekarar.

Uwar Catan ta mutum uku ce zuwa huɗu. Ana shimfiɗa tsibiri da falle 19 masu kusurwa shida, a jefa dayis biyu, kowa ya tara katako da bulo da ulu da hatsi da tama, ya gina hanyoyi da ƙauyuka da birane. Wanda ya riga kai maki 10 ya ci. Ƙaramin kwalin da muke magana a kai yana ƙara falle 11, tsibirin ya koma 30, da kayan gini masu launi biyu, da katin kaya 25 da katin ci gaba 9. Iyakarsa ke nan. Babu sabon labari a ciki, gurbin mutum biyu kawai ake saye.

Amma gurbin nan ba ƙaramin abu ba ne. A gidan da ke da yara biyar, ko majalisar da abokai shida ke haɗuwa, uwar wasan tana tilasta wa mutum ɗaya ko biyu zaman kallo na awa guda ko fiye, kuma ɗan kallo ba ya rufe baki, sai ya tona asirin katin wani. Da ƙarin, kowa ya samu shiga. Ciniki ma, wanda shi ne ran Catan, yana ƙara armashi. A mutum uku, idan babu mai bulo sai wasa ya tsaya cak. A mutum shida da wuya a rasa mai abin da kake nema, sai ka ga ana rububin tayi, wannan ya ce ulu biyu, wancan ya ce uku. Kuma kuɗinsa bai kai na sabon wasa cikakke ba, sannan ba sai an zauna koyon dokoki daga farko ba.

Babbar illar ita ce jira. Kafin dayis ya dawo hannunka sai mutum biyar sun yi nasu, kowa da cinikinsa da dogon tunaninsa. Wasan da ake gamawa tsakanin la'asar da magariba yana iya kaiwa isha'i. Jiran kuma yana da hasara a cikin wasan kansa: duk sa'ad da bakwai ta fito, mai riƙe da kati fiye da bakwai sai ya zubar da rabi, kuma bakwai ce lambar da ta fi yawan fitowa a dayis biyu. Masu ƙirƙirar wasan sun san da wannan, shi ya sa suka sa dokar da ke ba kowa damar yin gini a ƙarshen zagayen kowane ɗan wasa. Dokar ta rage zubar da kati, amma ta ƙara tsawon zama. A bugu na baya-bayan nan sun sauya ta: bayan mai dayis ya gama, na uku a hagunsa shi kaɗai ke samun damar gini. A ganina wannan ta fi, ko da yake sauyin kansa shaida ne cewa wasan ɗinkin mutum huɗu ne aka buɗe masa gefe.

Akwai kuma tarkon da mai saye bai cika hangowa ba. Catan na da manyan ƙari, irin su Seafarers na 1997 da Cities & Knights na 1998, kuma kowannensu yana da nasa ƙaramin kwalin na mutum shida, wanda ba ya aiki sai kana da na farkon. Mai son buga Seafarers, wasan jiragen ruwa, da mutum shida kwali huɗu zai tara. Ga wanda ke odar kaya daga waje, yana biya da dala, ga kuɗin dako, wannan lissafi ne da ya kamata ya yi tun kafin ya fara. A kuma duba bugu da harshe. Zanen bayan kati yana bambanta daga bugu zuwa bugu, idan aka gauraya sai a riƙa gane abin da ke hannun mutum daga nesa.

Wani abin dubawa shi ne, akwai wasannin da tun asali an yi su don jama'a da yawa. Ticket to Ride da Carcassonne suna ɗaukar mutum biyar ba tare da ƙari ba, 7 Wonders kuwa har bakwai, kuma a cikinsa kowa na wasa lokaci guda, babu zaman jira.

Saboda haka ka ƙirga mutanen da ke zama da kai da gaske, ba waɗanda kake fatan za su zo ranar sallah ba. Idan kusan kullum kun kai biyar ko shida, kuma Catan ɗin kuke so, ka saya, ka nemi sabon bugu. Idan ku huɗu ne sai jefi-jefi baƙo ya faɗo, ka riƙe kuɗinka.