Sa Hannun Malami da Amanar Kuɗin Bincike a Amurka

A watan Janairun 2020 jami'an tsaron Amurka suka kama Farfesa Charles Lieber, shugaban sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Harvard, mutumin da ɗakin gwaje-gwajensa ya karɓi sama da dala miliyan 15 daga gwamnatin tarayyar ƙasar. A Disambar 2021 kotu ta same shi da laifuka shida, daga baya aka yanke masa ɗaurin talala na wata shida a gidansa da tarar dala 50,000. Babu tuhumar leƙen asiri a cikin shidan nan, babu ta satar fasaha. Yarjejeniya ya ƙulla da wata jami'a a birnin Wuhan na ƙasar Sin, wadda ta tanadar masa albashin da zai iya kai dala 50,000 a wata. Da hukumomin da ke ba shi kuɗin bincike suka nemi jin gaskiyar alaƙarsa da shirin ɗaukar masana na ƙasar Sin sai ya musanta, kuma ya ɓoye kuɗin ga hukumar haraji. Ɓoyewar nan ita ta kayar da shi.

Wannan shari'a ta isa ta nuna wa mai karatu inda nauyin yake a dokokin da gwamnatin Amurka ta gindaya wa masu bincike a jami'o'inta. Fiye da rabin kuɗin da jami'o'in ƙasar ke kashewa a kan bincike daga baitulmalin tarayya yake fitowa, ta hannun hukumomi irin su Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa, wato NIH, da Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa, wato NSF. Kuɗin masu biyan haraji ne, kuma jami'a ake damƙa wa, malami yana matsayin jagoran aiki. Sharuɗɗan da ke rataye a wuyan malamin kansa iri biyu ne: ya halarci horon da aka wajabta, sannan ya bayyana duk wata alaƙa ko dukiya da ka iya shafar aikinsa.

Kusan kowane sharaɗi a cikinsu wata ɓarna ce ta haife shi. A 1999 wani matashi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a wani gwajin magani a Jami'ar Pennsylvania, sai ta bayyana cewa babban masanin da ke kan aikin da ita kanta jami'ar suna da hannun jari a kamfanin da zai ci ribar nasarar gwajin. A 2008 binciken Sanata Charles Grassley ya tono manyan likitocin ƙwaƙwalwa da suka karɓi maƙudan kuɗi daga kamfanonin magunguna ba tare da sun sanar da jami'o'insu yawan abin da suka karɓa ba. Saboda haka a 2011 aka tsaurara doka: an rage adadin kuɗin da ya wajaba mai binciken lafiya ya bayyana daga dala 10,000 zuwa 5,000, aka kuma wajabta masa sabunta horo a kan wannan batu aƙalla duk bayan shekara huɗu.

Daga 2018 hankali ya koma kan ƙasashen waje. A watan Agustan shekarar, shugaban NIH na lokacin, Francis Collins, ya rubuta wa dubban cibiyoyin bincike wasiƙa yana jan kunne game da masu karɓar tallafi daga gwamnatocin ƙetare a ɓoye. A Janairun 2021 fadar shugaban ƙasa ta fitar da umarni mai lamba 33 kan tsaron bincike, wanda ya tilasta wa duk jami'ar da ke karɓar sama da dala miliyan 50 a shekara ta kafa tsarinta na kula da wannan fanni. Dokar bunƙasa kimiyya da fasaha ta Agustan 2022 ta ƙara biyu: duk mai neman tallafi sai ya tabbatar da cewa ya yi horon tsaron bincike a cikin wata goma sha biyun da suka gabaci neman nasa, kuma an haramta masa shiga shirye-shiryen ɗaukar masana masu mugun nufi na ƙasashen da Amurka ke ɗari-ɗari da su, wato Sin da Rasha da Iran da Koriya ta Arewa.

Abin da ake so a bayyana ya fi faɗi fiye da yadda mutane da dama suke zato. Ya haɗa da kowane muƙami, na cikin gida ko na waje, mai albashi ko na girmamawa kawai. Ya haɗa da kowane tallafin bincike da malami ke riƙe da shi ko yake nema, da gudummawar da ba ta tsabar kuɗi ba, kamar ɗakin gwaji ko kayan aiki ko ɗalibin da wata hukuma ke biya yana aiki a ƙarƙashinsa. Tun Janairun 2022 NIH na neman kwafin yarjejeniyar da aka ƙulla da cibiyar ƙetare, a fassara ta zuwa Turanci in da wani harshe aka rubuta ta. Hikimar a fili take. Hukuma tana so ta san ko wani ya riga ya biya kuɗin aikin da take shirin biya, ko malamin ya sayar da lokacinsa ga iyayen gida biyu, ko kuma sakamakon binciken yana da wani mai jiransa a bayan fage.

Jami'o'in ba don Allah kaɗai suke bibiyar malamansu ba. Akwai wata tsohuwar doka ta 1863, wadda aka yi a zamanin yaƙin basasar Amurka don hukunta 'yan kwangilar da ke zambatar gwamnati. Tana ba da damar a karɓi ninki uku na asarar da aka jawo, kuma wanda ya kwarmata zambar yana da kaso a cikin abin da aka ƙwato. A ƙarƙashinta Cibiyar Bincike ta Van Andel da ke jihar Michigan ta biya dala miliyan 5.5 a 2019 kan zargin rashin bayyana tallafin da masu bincikenta biyu suka samu daga Sin. Jami'ar Stanford ta biya dala miliyan 1.9 a 2023 kan makamancin wannan zargi. Layi ɗaya da malami ya tsallake a fom yana iya zama bashi a kan jami'a ɗungurungum.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Shirin da Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta ƙaddamar a Nuwamban 2018 don farautar masu yi wa Sin aiki ya taka mutanen da ba a tabbatar musu da laifi ba. An kama Farfesa Gang Chen na cibiyar MIT a Janairun 2021, bayan shekara guda gwamnati ta janye tuhumar. Alƙali ya wanke Anming Hu na Jami'ar Tennessee a Satumbar 2021, bayan ya riga ya rasa aikinsa. A Fabrairun 2022 aka rufe shirin, cikin ƙorafin cewa ya jefa tsoro a zukatan masana 'yan asalin Sin. Ga kuma nauyin takardu: binciken jin ra'ayi da aka maimaita a tsakanin masu riƙe da tallafin tarayya ya nuna sama da kashi 40 cikin 100 na lokacin aikin yana tafiya ne a hidimar ofis. Horon da ake yi ta intanet shi ma yana iya zama al'ada maras rai, mutum ya danna ya wuce, ya karɓi shaida, bai ƙaru da komai ba.

Duk da haka, a ganina, waɗannan kurakurai hujja ce ta a gyara yadda ake zartar da dokar, a daidaita fom-fom na hukumomi, a bambanta mantuwa da ha'inci. Ba su rushe tushenta ba. Wanda ya karɓi dukiyar jama'a don ya nemo musu gaskiya, abu mafi ƙaranci da za a nema daga gare shi shi ne ya faɗi gaskiya game da kansa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai karatu zai iya tambayar me ya haɗa mu da dokar wata ƙasa. Abubuwa biyu ne. Na farko, 'yan'uwanmu malamai da ke koyarwa a jami'o'in Amurka. Nijeriya ba ta cikin ƙasashe huɗun nan, amma wajibcin bayyanawa bai ware kowace ƙasa ba. Jami'ar gida da ta ba ɗanta muƙamin farfesa mai ziyara don karramawa, ko ta sa sunansa a jerin malamanta don ƙawata takarda, ta ɗora masa abin da dole ya rubuta a fom. Haka malamin da asusun TETFund ya ɗauki nauyinsa ya je ya yi aiki a ɗakin gwajin wani farfesa a can, gudummawa ce da mai masaukin zai lissafa. Karamcin da aka yi da baki, ba takarda, ba ranar farawa ba ranar ƙarewa, yana iya zama tarko ga wanda aka so a girmama.

Na biyu, kuɗin nan suna isowa asibitocinmu. Binciken da aka yi tsakanin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki da tallafin NIH aka yi shi. Irin wannan haɗin gwiwa a kan amana yake tsaye, kuma ana ƙara auna amanar. Daga Janairun 2024 NIH ta wajabta wa abokan aiki na ƙetare su ba jami'ar Amurka da ke riƙe da tallafin damar ganin littattafan gwaji da bayanan aiki aƙalla sau ɗaya a shekara. A Mayun 2025 ta dakatar da ba da sabon kason tallafi ga cibiyoyin waje ta tsohuwar hanya, tana mai cewa tana so ta riƙa ganin inda kowace dala ta shiga. Cibiyar da rumbun takardunta ke a hargitse ita za a fara ajiyewa a gefe, kuma majinyatanmu ne za su ɗanɗana kuɗar hakan.

Saboda haka gyaran daga gida ya kamata ya fara. Kowace jami'a tana buƙatar ofishin kula da tallafin bincike mai ma'aikatan da suka san aikinsu, da rajistar da malami zai riƙa rubuta muƙamansa da hanyoyin samunsa na waje duk shekara. Kowane muƙamin girmamawa ya zo da wasiƙa mai bayyana aiki da wa'adi da abin da za a biya, in akwai. A koya wa ɗaliban digiri na biyu da na uku adana bayanan bincike kamar yadda ake koya musu rubuta kundi. Malami kuma ya karanta abin da zai sa wa hannu da idonsa, kada ya bar wa sakatare ko ɗalibi, in ya yi shakkar ko wani abu ya cancanci a bayyana, to ya bayyana shi. Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta, ruwa kuwa yana kusa da mu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa.