Mutum-mutumi Ba Zai Zama 'Yar Raino Ba

A cikin watan Disamba na shekarar 2024 wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Embodied ya ba da sanarwar cewa zai rufe, domin kuɗin da yake sa ran samu daga masu zuba jari bai zo ba. Rufe kamfani ba sabon abu ba ne a duniyar ciniki, amma wannan ya sha bamban, saboda hajar da yake sayarwa abokin wasan yara ce. Tun shekarar 2020 kamfanin ya fito da wani ɗan mutum-mutumi mai suna Moxie domin yara 'yan shekara 5 zuwa 10, yana hira da su, yana tuna sunayensu, yana koya musu zaman tare. Iyaye sun saye shi a kan dala 799. To, da yake ƙwaƙwalwarsa ba a jikinsa take ba, tana can cikin manyan kwamfutocin kamfanin, mutuwar kamfani ita ce mutuwarsa. Har wasiƙa aka shirya wa iyaye wadda za su karanta wa 'ya'yansu, su bayyana musu dalilin da ya sa abokinsu zai yi shiru.

Wannan al'amari ya isa ya zama darasi ga duk mai tsammanin na'ura za ta ɗauke wa iyaye nauyin raino. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ƙaunar da mutum-mutumi ke nuna wa yaro ta aro ce, mai ita yana can nesa yana duba littafin riba da hasara, ranar da lissafi ya ƙi kuwa sai ya karɓe abinsa. Yaro dai ba shi da masaniya a kan wannan ciniki, shi ya ba da zuciyarsa ne tsakani da Allah.

Abu na biyu shi ne amana. Na'urar da za ta yi hira da yaro tilas ta saurare shi, abin da ta ji kuma ba lalle ya tsaya cikin ɗaki ba. A shekarar 2017 hukumar kula da sadarwa ta ƙasar Jamus ta haramta wata 'yar tsana mai magana, My Friend Cayla, bisa hujjar cewa na'urar leƙen asiri ce a ɓoye, har ta shawarci iyaye su lalata ta. A cikin wannan shekara ce kuma kamfanin Mattel ya fasa fito da wata na'ura mai suna Aristotle, wadda aka tsara ta riƙa lallashin jariri in ya yi kuka, bayan da iyaye da waɗansu 'yan majalisar Amurka suka ɗaga murya. Wane uba ne zai yarda da 'yar rainon da ke kwashe zancen ɗansa tana kai wa baƙo?

Ko da an kawar da waɗannan matsaloli biyu, da sauran babbar. Yaro daga mutum yake koyon zama mutum. A shekarar 2003 Farfesa Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta yi gwaji da jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida. Waɗansu an zaunar da su sau 12 tare da masu magana da Sinanci, waɗansu kuwa an nuna musu darasin ta talabijin. Na farko sun koyi rarrabe sautukan Sinanci, na biyu ba su ƙaru da kome ba. Ashe ba kalmomi kaɗai jariri ke buƙata ba, har da ido da fuska da kulawar mai maganar. Bugu da ƙari, an ƙera abokin ƙarfe ne don ya faranta wa yaro rai kullum. Ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya neman rabonsa. To, a ina yaro zai koyi haƙuri da kara da ban-haƙuri, in ba wurin abokin da zai iya ɓata wa rai ba?

Ba muna cewa na'urorin nan ba su da amfani ba ne sam. Tun shekarar 2005 Jami'ar Hertfordshire ta Ingila ta ƙera wani mutum-mutumi mai suna Kaspar domin yara masu lalurar otizim, watau waɗanda cuɗanya da mutane ke yi musu wuya. Sai dai a lura, malami ne ke zaune yana sarrafa shi, manufar kuwa ita ce a jawo yaron zuwa ga mutane. Nan ne iyakar ta tsaya: na'ura a hannun babba kayan aiki ce, na'ura a madadin babba kuwa sakaci ne.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen Turai ne kurum. A gidajen ma'aikata da yawa, inda uwa da uba ke fita da safe su dawo a gajiye, wayar hannu ta riga ta fara aikin raino, alhali tun shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, na shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Wanda ya saba miƙa wa ɗansa waya don ya yi shiru, gobe ba zai ƙi mutum-mutumi ba.

Saboda haka ya kamata hukumomi su tanadi doka kan kayan wasa masu sauraro tun kafin su cika kasuwa, su kuma kafa ɗakunan raino kusa da ma'aikatu, su horar da masu aikin. Ɗalibanmu masu koyon ƙere-ƙere su ƙera abin da zai rage wa uwa wahala domin ta sami lokacin ɗanta. Iyaye kuma su tuna icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ranar gobe kuwa su za a tambaya, ba kamfani ba. Allah Ya shirya mana zuriya.