Sharhi: Mace da Koyarwa a Coci

Sharhinmu na yau kan wata muhawara ce da ta daɗe tsakanin 'yan'uwa Kirista: shin mace za ta iya koyarwa a cikin ikkilisiya?

Masu cewa a'a suna da hujja a hannu. A wasiƙarsa ta fari ga Timoti, sura 2 aya 12, Manzo Bulus ya hana mace koyarwa ko yin iko da namiji, a 1 Korintiyawa sura 14 kuma ya umarci mata su yi shiru a taro. A kan irin wannan fahimta cocin ECWA ba ta naɗa mata fastoci, Angilikan ta Najeriya ma ba ta ba su limanci, ko da yake takwararta ta Ingila ta fara tun 1994.

To amma Bulus ɗin nan dai, a sura 11 ta wasiƙar Korintiyawa, ya tsara yadda mace za ta yi addu'a da annabci, kanta a rufe. A Ayyukan Manzanni sura 18, Bilkisu da mijinta Akila ne suka ja Afolos gefe, malami mai kaifin baki, suka ƙara masa sani. Tun kafin su, Debora ta yi shari'a a Isra'ila, Sarki Yosiya kuma wurin annabiya Hulda ya aika neman bayani. Shi ya sa wasu malamai ke ganin hanin na garin Afisa ne, inda Timoti yake, da rikicinta, wasu kuma na cewa doka ce ta har abada, tunda Bulus ya kafa hujja da Adamu da Hawwa'u.

Ba mu za mu raba wannan gardama ba. Abin da ya dame mu shi ne ayar da ake tsallakewa, wato ta 11 a sura 2 ta wasiƙar Timoti, wadda ta ce a bar mace ta koya. Ku leƙa kowace majami'a ranar Lahadi. Wa ke zaune da yara yana karantar da su? Wa ke riƙe da Zumuntar Mata, da ziyarar marasa lafiya, da ta'aziyya a gidajen da 'yan bindiga suka mayar da matan aure gwauraye? Matan nan koyarwa suke yi dare da rana, galibinsu kuwa ba wanda ya taɓa tura su makarantar Littafi Mai Tsarki. Wannan ƙasa ta san darajar malama: Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sai da ta horar da malamanta mata, waɗanda ake kira jaji, kafin ta tura su ƙauyuka.

Dattawan ikkilisiya, ko wane ɓangare kuka bi kan naɗi, ku ware kuɗi a kasafin bana ku tura waɗannan mata karatu.