Furen hamada da shekarun da yake yi a ɓoye

A hamadun Mojabe da Sonora, waɗanda suka ratsa kudu maso yammacin Amurka da arewa maso yammacin Meziko, akwai wani tsiro da masana ke kira Hesperocallis undulata. Masanin tsirrai Asa Gray ne ya raɗa masa sunan, kuma kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta kyawun yamma. Mutanen Sifaniya da suka shigo yankin sun kira shi ajo, wato tafarnuwa, saboda ɗanɗanon kansa da ke binne a ƙasa, wanda 'yan asalin wurin suka daɗe suna ci. Duk wanda ya san albasar kwaɗi ta dazukanmu zai kamanta su, ko da yake binciken ƙwayoyin gado ya nuna wannan ya fi kusa da dangin tsiron agabe.

Kyawunsa ne ya jawo masa wahala. Furen fari ne fat, da zanen kore a bayan kowane ganyensa, yana baza ƙamshi da almuru, lokacin da manyan malam-buɗe-littafi na dare ke zuwa shan ruwansa suna ɗaukar masa ƙurar barbara. Mai sha'awa da ya gan shi a jeji, zuciyarsa kan raya masa ya tono shi ya kai gida. Sai dai kan nasa yakan nutse har kimanin santimita 60 cikin yashi, kuma wanda aka tono da wuya ya rayu. An yi biyu babu: jeji ya rasa, lambu bai samu ba.

Hanyar da ta rage ita ce iri, kuma a nan ake gane mai haƙuri. Irin baƙi ne, mai faɗi, ana tsince shi idan kwanson ya bushe ya tsage. A lokacin sanyi ake shuka shi, domin ruwan da ke tayar da tsiron a can na hunturu ne, saɓanin daminarmu. Tukunyar ta kasance mai zurfi, cike da yashi mai saurin tsotse ruwa. A shekarar farko ganye ɗaya siriri kamar ciyawa ne zai fito, da zafi ya kama kuma sai ya bushe ƙurmus. A nan yawancin masu shuka ke yin asara. Wani ya ɗauka tsiron ya mutu ya zubar da tukunyar, wani tausayi ya sa ya yi ta kwarara ruwa har ɗan ƙaramin kan ya ruɓe. Alhali barci yake yi, kuma kowace shekara yana ƙara nutsewa ƙasa. Sai an yi shekaru ana wannan juyi kafin a ga fure ko ɗaya.

Abin da ya sa na kawo zancen shafin ra'ayi, mai karatu, shi ne yadda wannan ɗabi'a ke ruɗin masu yanke hukunci kan ƙasa. Idan ruwa bai jiƙa yashi har inda kan yake ba, tsiron ba ya leƙowa ko kaɗan a wannan shekarar. Jami'in da aka tura duba fili a shekarar fari zai rubuta cewa babu komai a wurin, kuma bai yi ƙarya bisa abin da idonsa ya gani ba. A ganina, rahoton ziyara ɗaya bai isa hujjar sare ko share filin hamada ba, komai kyawun aikin da za a kafa a kai. Waɗanda suka je gandun Anza-Borego a Kalifoniya a 2017 da 2019, bayan hunturu mai ruwa, sun ga furanni sun lulluɓe wuraren da a baya aka ɗauka fako ne.

Kusa da garin Dezat Santa an keɓe wa wannan fure fili mai eka kusan 2,000 tun 1968, kuma dokar kare hamadar Kalifoniya ta 1994 ta ƙarfafa matsayin wurin. A wannan yankin ne kuma aka kafa tashar wutar hasken rana ta Desert Sunlight mai megawat 550, wadda aka ƙaddamar a 2015. Filin da ke fitar da furen mai shimfiɗa ne, rana kuma ba ta yanke masa, irin filin da masu gina tashoshin wuta ke nema ke nan.