Ku Daina Zagin Harpoon, Ku Ne Ba Ku Iya Jan Ayari Ba

Yau da 'yan'uwana masu buga wasan yaƙi a kwamfuta nake, musamman abokanmu na nan Legas da suka ɗora wa wasan Harpoon karan tsana. Kullum ƙorafinsu ɗaya ne: wai wasan babu armashi, daga taswira sai 'yan alamomi, kuma wai kwamfuta maguɗi take yi, tunda kafin ka ga abokin gaba an riga an nitsar maka da jirgi. To ni dai ban yarda ba. Ba maguɗi ba ne, gaggawa ce take kashe ku.

Ga wanda bai san wasan ba, wani tsohon hafsan sojan ruwan Amurka mai suna Larry Bond ne ya ƙirƙiro shi, da farko a kan takarda da tebur, kafin a fito da na kwamfuta a 1989. Fagen farko shi ne tekun da ke tsakanin Girinlan, Aislan da Birtaniya, inda ake zaton ƙungiyar NATO da Tarayyar Sobiyet za su gwabza in yaƙi ya ɓarke. Kai ba matuƙi ba ne, ba kuma mai harbi ba. Kai ne madugu, ayarin jiragen ruwa gaba ɗaya yana hannunka.

Yanzu dubi yadda mutanenmu ke bugawa. Da an fara, sai mutum ya tattara jiragensa wuri ɗaya kamar tumaki, ya kunna dukkan na'urorin rada, ya saki gudu na ƙarshe, ya miƙe sak wajen abokin gaba. Kuskure uku ke nan a minti ɗaya.

Na farko, rada tamkar tocila ce a cikin duhu. Kai taku kaɗan kake gani da ita, amma wanda ke can nesa ya hango haskenka tun tuni. Jiragen yaƙi na ɗauke da na'urar da ke tsinkayar siginar rada daga nisan da ita radar kanta ba ta kaiwa, har ta nuna irin jirgin da ya kunna ta. Ga shi kuma duniya a dunƙule take, don haka radar da ke kan jirgin ruwa ba ta hango abin da ke tafe dab da ruwa sai ya matso kamar kilomita 30. Makami mai linzami irin Exocet yana cinye wannan tazara cikin ƙasa da minti 2. Ka ga ka tona wa kanka asiri, ba ka kuma sayi lokaci ba.

Na biyu, gudu. Jirgin da ke sheƙa gudu yana cika ruwa da ƙara, ya toshe kunnen na'urarsa ta sauraron ƙarƙashin teku, ya kuma yi wa jirgin ƙarƙashin ruwa na abokin gaba shelar inda yake. Shi ya sa masu rakiya suke yin gudu su wuce gaba, sannan su lafa su saurara, ayari ya cim musu.

Na uku, cunkoso. Wasan ya ba ka wurin tsara jeri: babban jirgi mai dakon jiragen sama a tsakiya, masu kakkaɓo makamai ta ɓangaren da ake tsoron hari, masu farautar jirgin ƙarƙashin ruwa can gaba da jiragensu masu saukar ungulu. Sannan ka tura jirgin sama mai rada irin E-2 Hawkeye ya yi shawagi gefe guda, nesa da ayari, ya gano maka hanya su kuma na ƙasa su yi tsit. Ko fataken da sun san jagaba a gaba yake tafiya, ba a tsakiyar jakuna ba.

Na san za ku ce, "Ai wanda ya kashe rada makaho ne." Haka ne, akwai lokacin kunnawa. Da zarar ka tabbata an gan ka, ko makamai sun taso, ɓuya ta ƙare, kunna komai ka kare kanka. Sanin wannan lokacin shi ne wasan gaba ɗaya. Abin da nake suka shi ne kunnawa tun daga gida don kawai zuciyarka ta ƙi jure duhu.

Masu cewa wasan ya cika tsanani kuwa, su koma tarihi. Ranar 4 ga Mayu 1982, a yaƙin tsibiran Fokland, jiragen saman Ajantina sun zo ƙasa-ƙasa suka harba Exocet kan jirgin Birtaniya mai suna Sheffield, mutum 20 suka mutu, daga baya jirgin ya nitse. Ayarin Birtaniya ba shi da jirgin sama mai hangen nesa a lokacin. A Midway kuma, cikin Yuni 1942, Japan ta yi asarar manyan jiragen dako 4, bayan Amurkawa sun riga sun san da zuwanta, suka kuma riga ta gano inda ayarin abokin gaba yake. Wa ya yi maguɗi a nan?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai adana wasa, a nitsar da shi, ya koma baya bayan ya ga inda abokin gaba yake, sannan ya zo majalisa yana cika baki wai ya ci. Malam, ba ka ci ba, satar amsa ka yi. Haka ma mai ƙara saurin agogon wasan don ya gaji da jira, sai ƙararrawa ta buga ya tarar makamai sun riga sun iso.

Wanda yake son wuta da hayaƙi, wasanninsu na nan jibge a kasuwa, ba wanda ya hana shi. Amma in ka zauna gaban Harpoon, ko Command da ya fito a 2013 a kan irin wannan tsari, to ka yarda awa guda za ta iya wucewa ba ka harba ko ɗaya ba, kana saurare kana lissafi. In ba za ka iya ba, ka ce ba ka iya ba, ka bar ɗora wa kwamfuta laifi.

Wanda bai gamsu ba, ya zo mu zaɓi fage ɗaya, shi da radarsa a kunne, ni da tawa a kashe. Wassalam.