Sharhi: Wa ke da alhakin rayukan da ke cikin gidan taro?

An kai amfanin gona gida, lokacin biki ya kama. Daga yanzu har bazara, gidajen matasa da zaurukan taro na garuruwanmu ba su da hutu: yau biki, gobe rabon tallafi, jibi wasan kwaikwayo ko karatun dare. Kusan kowane gida na da kwamitinsa, da shugaba da ma'aji da mai riƙe mabuɗi. Amma in aka zauna, yawanci zancen kuɗin haya ake yi da kujerun da suka karye. To, rayukan da ke shiga ciki fa, wa ya ɗauki nauyinsu?

Ba mu manta da Diffa ba. Ranar 17 ga Fabrairu 2020, dubban mutane suka taru a gidan matasa da al'adu, wato MJC, don karɓar abinci da kuɗin da gwamnan Borno ya kawo wa ƴan gudun hijira. Da aka buɗe ƙofa sai turereniya ta kaure, aƙalla mutum 20 suka rasu, mata da yara. Abin alheri aka zo yi, ƙofa da rashin tsari suka mai da shi makoki. A shekara ta 2021 kuma, gobara ta kashe yara kusan 20 a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilu, sannan sama da 20 a Maraɗi cikin Nuwamba, duka a azuzuwan zana. Makarantu ne, gaskiya, amma irin zanar nan ce muke kafa rumfa da ita a jikin gidajen taronmu, wayar lantarki tsirara na ratsa ta.

Maganin waɗannan biyu ba ya cin kuɗi da yawa. Ƙofa ta biyu da ake garƙamewa don gudun masu shiga ba gayyata, a buɗe ta muddin akwai mutane ciki, a sa mutum ya tsaya gun. In rabo ne, a bi unguwa-unguwa ta hannun masu unguwa, kowace da ranarta, mata masu goyo da tsofaffi su fara. A ajiye bokitan rairayi da ruwa. A birni ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18, amma a ƙauye kafin mota ta iso aikin gama ya gama.

Akwai haɗari na uku, shi ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Yaran da ke zuwa koyon wasa ko karatun dare, da ƴan mata masu talla da ke kai wa tsakar dare a bakin biki, wa ke ganin wanda ya kira su bayan gini? Mun san yadda ake yi in abu ya faru: a kira dattawa, a ce a rufa asiri, mutumin ya dawo ya ci gaba da riƙe mabuɗi. Kwamitin da ya san aikinsa zai kafa doka tun kafin a kai nan. Babba ba ya kaɗaita da yaro a ɗaki rufe, ko wane ne shi. Duk wanda zai koyar da yara, a san shi, a san inda ya fito. A sa fitila bayan gini da wajen makewayi. A cikin kwamiti a samu mace wadda yarinya za ta iya gaya wa magana ba tsoro. In kuma an ci zarafin yaro, likita za a fara kai shi, sannan maganar ta je gun jandarma ko ƴan sanda. Sulhun zaure ba ya kare yaro na gaba.

Wasu ƴan kwamiti za su ce aikin sa kai suke yi, ko dala ba a biyan su. Haka ne, kuma tun da aka rusa majalisun kwamin a Afrilu 2024, da yawa ba su san ƙofar da za su buga ba. Sai dai wanda ya karɓi mabuɗi ya karɓi amana. Su kai dokokinsu a rubuce gun mai gari da hukumar kwamin, a sa hannu, a manna a bakin ƙofa.

Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan, Kumasi, Kano ko Libiya, da guminku aka sa kwanon wasu gidajen nan. Kafin ku aiko kuɗin fenti, ku tambaya: ƙofa nawa ke buɗe ranar taro, kuma yarinya in an cuce ta gun wa za ta je? Allah Ya tsare mana zuri'a.