Waƙar da Mutum Ke So Guzurinsa Ce na Ranar Jinya

Idan ciwo mai nauyi ya kwantar da mutum, abubuwan da ake fara raba shi da su su ne waɗanda ake ganin ba dole ba ne. A kashe rediyo don kada ta dame shi, a ɗauke littafin da ke gefen gado don kada ya wahalar da idonsa, a hana shi taka ƙafa zuwa ƙofar gida don gudun faɗuwa. Da kyakkyawar niyya ake yin wannan duka. Sai dai akwai dalili mai ƙarfi na ganin cewa lissafin a juye yake: waƙar da mutum ya saba ji, da littafin da ya saba buɗewa, da hanyar da ƙafarsa ta saba bi, suna cikin abubuwan da ke riƙe shi a lokacin da jiki ya fara juya masa baya. Rayuwar Oliver Sacks, likitan ƙwaƙwalwa kuma marubuci, ta isa misali, domin ya ga lamarin ta fuska biyu, yana likita a bakin gadon wasu, kuma yana majinyaci a kan nasa gadon.

An haifi Sacks a Landan a 1933, uwa da uba duk likitoci. Mahaifinsa mutum ne mai son kiɗa ƙwarai, har yakan zuba ƙananan littattafan rubutaccen kiɗa a aljihu, idan ya sami sarari tsakanin majinyaci da majinyaci ya buɗe ɗaya ya karanta, kiɗan yana tashi a cikin kansa ba tare da an taɓa wani abin kiɗa ba. A wannan gida Sacks ya koyi kaɗa fiyano, ya kamu da son kiɗan Bach, Bajamushen nan na ƙarni na 18, son da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Bayan ya koma Amurka a farkon shekarun 1960, ranakunsa suka ɗauki wani tsari da ya daɗe a kai: ninƙaya, asibiti, tattaki a lambun tsirrai na New York da ke unguwar Bronx, karatu, rubutu a littafin ajiyar tunani, sai kiɗa. Babu abin mamaki a wannan tsari. Darajarsa ta fito ne a lokutan da abubuwa suka lalace.

A 1974 ya tafi hawan dutse shi kaɗai a ƙasar Norwe. Ya ci karo da wani bijimi, ya juya a guje, ya faɗi, babbar jijiyar cinyarsa ta hagu ta tsinke. Ba kowa a kusa, ga sanyin dare yana tafe. Ya ɗaure ƙafar da sandar lemarsa, ya riƙa jan jiki da hannuwa yana gangarowa, kuma kamar yadda ya bayar da labari a littafinsa A Leg to Stand On na 1984, abin da ya hana shi sarewa shi ne rera waƙoƙi masu taku, ciki har da tsohuwar waƙar masu jan jirgin ruwa a kogin Volga na Rasha, yana ja sau ɗaya a kan kowane bugu. Wasu mafarauta ne suka tsince shi kafin duhu ya rufe. Bayan an yi masa aiki a Landan sai wata matsalar ta ɓullo: ƙafar ta warke a idon likitan fiɗa, amma shi ya daina jin cewa tasa ce, ya kuma manta yadda ake taka ta. A kwanakin nan ya yi ta sauraron wani kaset da aka kawo masa na kiɗan goge irin na Turawa wanda Mendelssohn ya tsara. Ranar da masu gashin ƙashi suka tsayar da shi don ya gwada tafiya, kiɗan ya faɗo masa a rai, ƙafar ta kama takunsa, ya tafi.

Wannan bai zo masa a baƙon abu ba, don ya riga ya gan shi a jikin wasu. Tun 1966 yake aiki a asibitin Beth Abraham da ke Bronx, inda ya tarar da mutanen da suka tsira daga wata annobar kumburin ƙwaƙwalwa da ta yaɗu a duniya daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa shekarun 1920. Wasunsu sun shekara arba'in a sandare, ba sa iya fara motsi da kansu. A 1969 ya ba su maganin L-DOPA, labarin da ya zama littafin Awakenings a 1973, aka kuma mayar da shi fim a 1990. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, ko ba tare da maganin ba, kiɗa kan saki wasunsu na ɗan lokaci: wanda ba ya iya ɗaga ƙafa sai ya taka rawa, wanda ba ya iya furta kalma sai ya rera baiti. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, akwai sashe a can cikin ƙwaƙwalwa da ke tsara lokacin kowane motsi, shi ne cutar Parkinson da danginta ke lalatawa. Kunne kuwa yana da alaƙa ta kusa da sassan da ke sarrafa gaɓoɓi, saboda haka bugu mai tsari daga waje kan tsaya a madadin agogon cikin da ya tsaya. A shekarun 1990 Michael Thaut da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Colorado suka nuna ta hanyar gwaji cewa horar da masu cutar Parkinson tafiya bisa bugun kiɗa yana ƙara musu sauri da tsawon taku. Manomin ƙasar Hausa da ya taɓa yin gayya da makaɗan noma a bayansa, da matan da ke lugude a turmi ɗaya, sun san wannan a aikace tun kafin a auna shi: jiki yakan bi bugu ko da ƙarfi ya ƙare.

Tunani ma haka. A littafinsa Musicophilia na 2007 Sacks ya kawo labarin Clive Wearing, wani ƙwararren mawaƙin Ingila wanda ƙwayar cuta ta cinye masa sassan ajiyar tunani a 1985, ya zama ba ya riƙe sabon abu fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Duk da haka idan ya zauna gaban fiyano yakan kaɗa abin da ya sani daga farko har ƙarshe, domin kowace gaɓa ta kiɗan ita ke jawo ta gaba. Masu kula da tsofaffin da cutar mantuwa ta kama sun sha ganin irin wannan: wanda ya manta sunan ɗansa yana riƙe da waƙar da ya ji yana saurayi.

Mai hankali zai iya cewa waɗannan duk labarai ne, kuma labari ba hujja ba ne. Maganarsa tana da tushe, musamman da yake an sha sukar Sacks da cewa yakan ƙawata labaran majinyatansa fiye da yadda aikin likita ya yarda. Shi ya sa ya kamata a dubi abin da aka auna. A 2008 mujallar Brain ta buga binciken Teppo Särkämö da abokansa a Helsinki, babban birnin Finlan, a kan mutum 60 da suka sami shanyewar ɓarin jiki. An raba su gida uku: wasu suna sauraron kiɗan da suka zaɓa da kansu kullum har wata biyu, wasu suna sauraron littattafan da aka karanta a faifai, wasu kuma ba a ba su komai ba, dukkansu suna karɓar maganin asibiti yadda aka saba. Masu sauraron kiɗa sun fi sauran farfaɗowa wajen riƙe kalmomi da tattara hankali, kuma baƙin ciki da ruɗewa sun fi sauƙi a wurinsu idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba komai ba. Mutum 60 ba su da yawa, kuma binciken bai ce waƙa tana buɗe jijiyar da ta toshe ba. Amma akwai abu ɗaya a cikinsa da ya cancanci a tsaya a kai: majinyatan ne suka zaɓi abin da za su ji. Ba a ɗora musu wani kiɗan da aka ce shi ne na magani ba.

Sacks da kansa ya san iyakar abin. Ya ba da labarin yadda rasuwar mahaifiyarsa ta daskarar da shi na makonni, har wata rana yana tafe a titi a Bronx ya jiyo kiɗan Schubert daga tagar wani gida, ya ji zuciyarsa ta motsa a karon farko. Da ya ga haka sai ya nemi ƙari, ya sayi tikitin wani babban taron waƙoƙin Schubert, ya zauna har aka tashi bai ji komai ba. Waƙa ba ƙwayar magani ba ce da za a haɗiya a jira aikinta. Akwai kuma mutanen da ƙwaƙwalwarsu ba ta jin kiɗa sai a matsayin hayaniya, akwai waɗanda wani sauti kan tayar musu da farfaɗiya, kuma majinyatan Beth Abraham sukan koma sandarewarsu da zarar kiɗan ya tsaya. Duk wanda ya ajiye maganin hawan jini ya rungumi rediyo ya cuci kansa.

A ƙarshen 2005 aka gano ciwon daji a idonsa na dama, daga baya idon ya mutu gaba ɗaya. Ga mutumin da ya tashi a ɗakunan karatu, wannan babban rashi ne. Bai daina karatu ba. Ya koma amfani da gilashin ƙara girman rubutu, ya kuma rubuta maƙala a 2012 yana kukan yadda littattafai masu manyan baƙaƙe suke ɓacewa daga kasuwa. Bai karɓi littafin saurare a madadin na takarda ba, domin shi da ido ya saba karatu. A farkon 2015 aka shaida masa ciwon ya bazu zuwa hanta, ya sanar da duniya a jaridar New York Times a watan Fabrairu, yana jingina da wata gajeriyar maƙala da masanin falsafa David Hume ya rubuta a 1776 lokacin da ya ga ajalinsa ya matso. Wato ko a ranar da ya fi buƙatar abin dogaro, karatun da ya yi shekaru da yawa baya ne ya ba shi kalmomin fuskantar lamarin. Ya ci gaba da ninƙaya da kaɗa fiyano da rubutu gwargwadon ƙarfinsa, ya rasu ranar 30 ga Agusta, 2015, yana da shekara 82. A wata maƙala da aka buga bayan rasuwarsa ya bayyana cewa a tsawon aikinsa, abu biyu ne da ba magani ba ya ga suna da matuƙar amfani ga masu ciwon ƙwaƙwalwa mai daɗewa, kiɗa da lambu.

Darasi na farko a nan na masu lafiya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kiɗan Mendelssohn ya sami wurin kamawa a jikin Sacks ne saboda kunnen da aka rena da kiɗa tun yarinta, Hume ya amsa masa ne saboda ya daɗe da saninsa. Ma'aikacin da ya bar aiki da cunkoson mota da allon waya suka cinye masa kowace sa'a, ya ɗage karatu da tattaki da sauraro sai bayan ritaya, yana iya isa ranar buƙata ya tarar babu abin da ya ajiye.

Darasi na biyu na masu jinya ne, kuma a nan ƙasar Hausa tana da abin da New York ba ta da shi: majinyaci ba ya kwana shi kaɗai. Akwai ɗan jinya a gefen gado, akwai masu dubiya da kwanon abinci da addu'a. Abin da ya rage shi ne a san mutumin da ake jinya ta wannan fuska. Tunanin ɗan Adam ya fi riƙe abin da ya shige shi tsakanin ƙuruciya da farkon girma, don haka dattijon da ya yi samartaka a shekarun 1970 mai yiwuwa kalangun Mamman Shata ne a ransa, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko amshin yaran Musa Ɗanƙwairo. Dattijuwa kuma wataƙila ƙwaryar Barmani Choge. Wanda bai yarda da kayan kiɗa ba shi ma yana da nasa: Imfirajin Aliyu Namangi, ko Ishiriniyar da ya saba ji a watan Mauludi, ko ƙira'ar wani makaranci guda da kunnensa ya fi natsuwa da ita. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma kowa da tasa zumar. Jikan da ya kunna wa kakarsa abin da shi yake so, ko abin da ya ɗauka ya dace da tsofaffi, bai yi aikin ba.

Za a iya cewa Sacks mai hali ne a birnin da ke da manyan asibitoci, alhali iyalai da yawa a Kano ko Damagaram kuɗin allura ma gagararsu yake yi. Haka ne, kuma babu waƙar da za ta biya wannan bashi. Amma a cikin duk abin da jinya ke buƙata, wannan ne mafi arha. Ƙaramar waya da katin ajiya sun isa ɗaukar waƙoƙi ɗari. Karanta wa mai raunin ido shafi biyu na littafin da yake so bayan la'asar ba ya cin ko kwabo. Riƙe hannun wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki a taka da shi daga ɗaki zuwa zaure, bisa shawarar masu gashin ƙashi, ya fi barinsa kwance wata da watanni don tausayi.

Abin da ke da wuya shi ne lokaci, domin tambayar tana da ranar da ba za a iya amsa ta ba. Uban da shanyewar jiki ta ɗauke wa magana ba zai iya faɗin waƙar da yake so ba, uwar da mantuwa ta ci ƙarfinta ba za ta tuna sunan mawaƙin ba sai dai ta gane muryarsa idan ta ji. Ya kamata 'ya'ya su tambaya tun iyaye suna iya amsawa: waɗanne waƙoƙi goma ne, wane littafi, wane makaranci, wace hanya suka fi son bi da yamma. A rubuta amsar a ajiye tare da katin asibiti da sunayen magunguna.